FILIN MANOMA: Wutsiyar Distirbuta Da Baƙin Man Inji

Jama'a, ga kaka ta gabato. Nan da 'yan kwanaki tsofaffin motocin nan da suka kwana biyu a gindin bishiya za su fito neman amfanin gona, daga ƙauyukan Roni da Gwiwa zuwa Kazaure, daga Ɓaɓura zuwa Kano, ɗauke da gero da wake da riɗi. Ko ba ka da mota, kayanka a kanta ya ke. Saboda haka yau za mu ajiye fartanya, mu leƙa cikin inji, mu duba wani ƙarfe guda wanda ke kashe inji lafiyayye cikin minti kaɗan.

Ƙarfen nan shi ne distirbuta, watau mai rabon wuta. Ana samunsa a tsofaffin motocin fetur kaɗai; injin gas ba ya da shi, motocin yanzu kuwa kwamfuta ta karɓe masa aiki. Aikinsa da kowa ya sani shi ne ya karɓi wuta daga kwayil, ya miƙa wa ko wane filogi a daidai lokacinsa. A inji mai silinda huɗu, irin na Fijo da Landiroba, rabon yana tafiya 1, 3, 4, 2. A mai shida kuwa 1, 5, 3, 6, 2, 4.

To, amma a waɗansu injuna yana da aiki na biyu wanda ba a gani. Ɗauki tsohuwar Toyota Land Cruiser mai injin F, ko 2F wanda ya gaje shi a 1975. A ƙasan distirbutarta akwai giya mai karkatattun haƙora, wadda kamshaf ke juyawa. A ƙasan giyar kuma akwai wutsiya mai faɗi kamar bakin sukundireba. Wutsiyar nan tana shiga wata tsaga a kan famfon baƙin mai, ita ce ke juya shi. Watau kamshaf ya juya distirbuta, distirbuta ya juya famfo, famfo ya tura mai zuwa metal da karanshaf da saman inji. In wutsiya ba ta shiga tsagarta ba, famfo yana zaune kurum.

Ga inda hatsarin ya ke. Haƙoran giya su kan fara kamawa tun wutsiyar ba ta faɗa tsagar ba. Sai wuta ta zo, inji ya tashi, ya yi ta kuka mai daɗi, makanike ya goge hannu, mai mota ya biya. Alhali ko ɗigo ɗaya na mai ba ya tafiya. Direba ya yi lodi, ya kama hanyar Kano, kafin ya yi nisa metal ya narke, inji ya buga. Sa'an nan a ce ai man ne jabu, ko a ce sammu ne. An auna sanda an ga mai cike, gaskiya ne. Amma mai a kwance cikin tukunya daidai ya ke da ruwa a rijiyar da ba guga.

Abu biyu ke jawo wannan. Na ɗaya, an sa distirbutan daidai amma bai zauna ba. Na biyu, an sayo wanda ba nasa ba. Na biyun ne ya fi yawa yanzu, don motocin nan sun tsufa, sabon kayansu ya yi wuya, sai a aiki yaro Ƙofar Ruwa a Kano ya zaɓo a cikin na gwanjo. Kai ya yi kama da kai, murfi ya yi kama da murfi, amma wutsiya ta gaza kaɗan, ko bakinta ya sha bamban. Abin ba a nan kaɗai ya ke faruwa ba. A Amurka akwai injunan Ford biyu, 302 da 351W, masu kama da juna ƙwarai, amma sandar da ke juya famfo a ɗaya kaurinta rubu'in inci ne, a ɗayan kuwa ta ɗara haka, distirbutansu ba ya musanyuwa.

Shawarata ita ce, kada ka je kasuwa ba tare da tsohon a hannu ba. Jera su biyu a kan benci. Auna tsawo daga inda ya ke zama a jikin inji zuwa ƙarshen wutsiya. Ƙirga haƙoran giya, ka duba ko gefe guda suka karkata. Dubi lambar da ke jiki. In mai kaya ya ce "ai duk ɗaya ne", ka yi masa godiya ka ƙara gaba.

Wajen sawa kuma, a tsaya a kan makanike. In distirbuta ya sauka ya rage ɗan rata, kada a yarda a ja shi da ƙarfin noti ko a buga shi da guduma. A juya inji a hankali da hannu ana danna shi, sai a ji ya faɗa. In ya ƙi, a fitar da shi, a zura dogon sukundireba a juya tsagar famfon ta fuskanci wutsiyar. Da an ta da inji, ido ya koma kan agogon mai ko jar fitilarsa. In an ƙirga goma allura ba ta motsa ba, ko fitila ba ta mutu ba, a kashe nan take. Na sani motoci da yawa a ƙauyukanmu fitilar nan ta daɗe da mutuwa, an bar ta don ba ta hana tafiya. A gyara ta kafin a taɓa distirbuta. Kuɗinta bai kai na buhun gero ba, na gyaran inji kuwa ya kan cinye amfanin gona guda.

Masu Fijo 404 da 504, waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, da masu tsohuwar Landiroba, naku da ɗan sauƙi. A injunanku wata sanda ce dabam a ciki ke juya famfo a ƙasa da distirbuta a sama, cire distirbuta ba ya tsai da mai. Amma in kuka sa wanda ba nasa ba, wuta za ta riƙa zuwa da wuri ko a makare, inji ya yi zafi, ya sha fetur, ya kasa hawan tudu da kaya a duwatsun Roni. In kuma an sauke inji gaba ɗaya an fitar da sandar nan, to a mai da ita yadda ta ke, a kuma tabbata mai ya hau har saman inji kafin a ɗora buhu ko ɗaya.