Yadda Ake Zaɓen Hanyar Tuƙa Keke a Kewayen Bauchi

Wanda zai fara doguwar tafiya a kan keke, tambayarsa ta farko ita ce kilomita nawa ne zuwa wuri kaza. Wannan tambayar direban mota ce. Ga wanda ƙafarsa ce injinsa, abu biyu sun fi tsawon hanya nauyi: ina ƙasa ta karkata, kuma daga ina iska take busowa. Birnin Bauchi na kan tudun da ya ɗan haura mita 600 daga doron teku, Jos tana wajen mita 1,200, kwarin kogin Gongola kuwa yana ƙasa da birnin ta gabas. Manyan tituna biyar ne suka fita daga garin, na Jos, na Dass, na Gombe, na Maiduguri da na Ningi, kowanne da halinsa. Ƙa'idar da nake ganin ta isa ta tsara duk tafiyar ita ce ka sha wahala a zuwa, ka bar wa dawowa sauƙi.

Mataki na farko shi ne sanin halin kowane titi. Titin Jos, wanda ya bi ta Miri da Buzaye da gindin Dutsen Zaranda zuwa Nabordo da Toro, hawa ne a hankali, ana tashi ana ɗan gangarawa, amma jimillarsa sama ake yi. Shi ya fi dacewa da ƙa'idarmu, domin duk inda ƙarfinka ya ƙare ka juya, gangara ce za ta rako ka gida. Titin Gombe kishiyarsa ne. Daga Inkil ka bi ta Kangere har gadar Dindima, kimanin kilomita 40, ƙasa tana sauka zuwa Gongola, keke na gudu kamar ana tura shi, sabon mahayi ya ɗauka ya ƙware. Bashi ne ya ci, kuma zai biya shi da hawa a dawowa, bayan rana ta take. Titin Dass, da ya ratsa Yelwa da Gwallameji da Bayara, shi ya fi kyan kallo saboda duwatsun da ke rakiyar matafiyi har tsaunukan Mbula, sai dai ƙananan hawa da sauka da ke cikinsa suna cin ƙafa ba tare da mutum ya ankara ba. Na Maiduguri ta Tirwun, da na Ningi da ya wuce mashigar Gubi da filin jirgin sama na Durum, sun fi sauran sassauci ga mai koyo.

Mataki na biyu, ka haɗa titin da iskar lokacin, kuma a nan ne mafi yawan mahaya suke kuskure. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana zuwa ne daga arewa maso gabas. Turjiyar iska ba ƙaramin abu ba ce: in saurin da take bugun ƙirjinka da shi ya ninka biyu, ƙarfin da take tura ka baya da shi yakan ninka huɗu. Saboda haka a hunturu ka fita ta titin Maiduguri ko na Ningi, ka tunkare ta tun kana da sauran kuzari, ta turo ka gida in ka gaji. Titin Dass a wannan lokaci tarko ne, don kudu maso yamma ya nufa: iska za ta kai ka nesa cikin daɗi, sannan ta tsare maka hanyar komawa. Da damina ta faɗi lamarin yakan juye, iska ta koma busowa daga kudu maso yamma, sai titin Dass da na Jos su zama su ne zaɓi. Mai lura zai ce to ai a hunturu ƙa'idar ta ci karo da kanta a titin Jos, tunda dawowar gangara ce amma iska na gaba. Gaskiya ne. Maganinsa sammako, domin iskar hunturu takan lafa da asuba, ta tashi da hantsi. Wanda ya juyo kafin ta yi ƙarfi ya ci moriyar gangarar bai biya komai ba.

Mataki na uku ya fito daga nan: ka auna tafiyarka da agogo. Ka fita bayan sallar asuba da zarar gari ya yi haske, ka yanke tun daga gida cewa bayan minti 45 za ka juya, ko ina ka kai. Mai koyo yakan yi kilomita 15 zuwa 20 a awa, wato minti 45 sun ishe shi fita daga hayaniyar gari ya shiga gonaki. Kowane mako ka ƙara minti 10. A bazara, musamman Maris da Afrilu da zafi kan kusanci digiri 40, ƙarfe tara ta same ka a gida. A damina ka guji fitar la'asar, lokacin da hadari ya fi tasowa daga gabas. Zancen Yankari kuwa, wadda ta zarce kilomita 100 daga Bauchi kuma dajin giwaye ce, a ajiye shi tukuna.

Mataki na huɗu shi ne keke da guzuri, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da dare ka duba birki, ka sa wa sarƙa mai, ka cika taya da iska, ka ɗaga sirdi yadda ƙafarka za ta kusa miƙewa in feda ta sauka ƙasa. Sirdin da ya yi ƙasa shi ke kashe gwiwa. Ka riƙe famfo da kayan faci, don tsidau da ƙayar gefen titi ba sa jiran ka iso wurin mai faci. Ruwa aƙalla rabin lita a kowace awa, ka sha tun kafin ƙishi ya kama ka, ka haɗa da dabino ko ƙuli-ƙuli a aljihu. Masu cewa wannan harka sai mai keken tsere na maƙudan kuɗi ba su duba titi da kyau ba. Manoman da ke shigowa kasuwar Muda Lawal da buhu a bayan tsohon keke mara giya suna hawan waɗannan tudun kullum. Giya tana sauƙaƙa titin Jos, amma na Ningi da na Maiduguri ba su buƙace ta ba.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne haɗari, kuma ban raina shi ba. Tirela da tifa da motocin haya masu gudun wuce sa'a suna kan waɗannan tituna, babu kuma layin da aka ware wa keke. Amma haɗarin yana da lokacinsa da wurarensa, kuma wannan shi ne mataki na biyar. Ka bi hannun dama tare da motoci, kada ka fuskance su. Ka sa hular kwano da riga mai haske, fara ko ruwan ɗorawa, musamman ranar da hazo ya rufe gari. Ka nisanci cunkoson Wunti a cikin gari da bakin kasuwanni, ka san ranar cin kasuwar ƙauyukan da ke kan hanyarka. In ka ji babbar mota a baya alhali wata na tahowa a gaba, ka sauka gefe ka bar musu kwalta. Kada ka fita kai kaɗai, kada magariba ta riske ka a daji, kuma wani a gida ya san titin da ka bi da lokacin dawowarka.

In hunturu ne kake karanta wannan, nemi aboki ɗaya, ku hau titin Ningi gobe da sassafe, ku juyo bayan minti 45.