Ka bar shi ya ɓata hannu

Ɗana, na ji yayarka za ta turo yaronta daga Abuja ya yi hutu a wurinka. Madalla. Abu ɗaya zan roƙe ka: kada ka miƙa masa waya ka ce ya zauna a ɗaki har ka dawo. Ɗan shekara tara ne, ƙafarsa ta isa bin ka. Kai ne kawunsa, kuma akwai tambayar da yaro zai yi wa kawu wadda nauyin uba ba zai bar shi ya yi ta a gida ba.

Ka tashe shi da sassafe ku tafi karofi. Mu dai marina ne, ko da yake kai ofis ya ɗauke ka, ni kuma gwiwa ta zaunar da ni. Ku shiga Ƙofar Mata, ku durƙusa ku gaida dattawan da suka rage. Za a faɗa masa tun 1498 ake rini a wurin, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Wannan kafin la'asar ya manta. Ka roƙa a ba shi farin ƙyalle ya tsoma da hannunsa. Zai ciro ya gan shi kore-kore, ya turo baki ya ce bai kama ba. Kada ka yi saurin bayani. Ka ce ya ɗaga shi ya zuba ido, a gabansa zai rikiɗe ya koma shuɗi. Sai ya tambaya da kansa, sannan ka gaya masa baba sai ya sha iska yake nuna launinsa, shi ya sa ake tsomawa a ciro, a sake tsomawa, har ya yi duhu.

Wari zai sa ya toshe hanci. Ƙyale shi, mu ma mun toshe. Nuna masa baba da toka, da katsin da ake kwasowa daga gindin rijiyar marina a ƙona, a yi laso da shi. In da hali ku leƙa wajen mabuga ya ji yadda bugu ke tafiya kamar kiɗa. Uwarsa za ta yi faɗa in ta ga farcensa ya yi shuɗi, ka ce mata Baba ne ya sa.

Ba don ya zama marini nake wannan maganar ba, Allah ya sa ya zama likita. Abin da ya same ni nake guje masa. Kawuna na Kura, garin da Buzaye ke sayen turkuɗinsa har Agadas, yakan tsoma yatsa a ruwan baba ya ɗanɗana, ya ce wannan ya nuna, wancan a ƙara masa kwana biyu. Ni kuwa lokacin kunyar shuɗin hannu nake ji a makaranta, da dutse nake dirje shi. Ban taɓa tambayarsa me harshensa ke ji ba. Ranar da tambayar ta zo mini, an riga an yi sadakar arba'in ɗinsa.

Da dare kuma ku zauna a tabarma ka warware masa dangi: wace ce gwaggo, wace ce inna, su wa ye taubasansa da zai tsokana ba a ce ya yi rashin kunya ba. In Hausarsa ta karkace, kada a yi masa dariya, dariya ce ke rufe bakin yaro. Maimaita masa daidai kawai, ka wuce.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ka kawo mini shi. Akwai rawani ɗan Kura a adakata, har yau shuni yake bari a tafin wanda ya taɓa shi, ina so ya gani. Ka kuma ce ya zo da shirinsa, don na ji yana cewa kakarsa matarsa ce.