Lissafi Cikin Wasa: Yadda Ake Ƙirga Ƙarin Hari da Ƙarin Rauni

Daga Sashen Lissafi

'Yan'uwa ɗalibai, da yawa cikinku kan ce lambobin da ke ƙasa da sifiri da kuma lissafin yiwuwa ba su da wani amfani in ban da ranar jarrabawa. Bari mu gwada su a kan wani wasan tebur na Amurka mai suna Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a shekarar 1974. Wasa ne na tatsuniya: mutum ɗaya yana ba da labari, saura kuma kowa ya ɗauki matsayin jarumi. Ba a sa kuɗi, don haka ba caca ba ne. Za mu bi dokokin bugu na 5, na shekarar 2014.

Kayan aikin su ne ƙwayoyi irin na ludo, amma wata tana da fuska 8, wata 20.

Mataki na ɗaya: ƙarin ƙarfi. Kowane jarumi yana da makin ƙarfi. A cire 10 daga makin, a raba biyu, in akwai rabi a sauko ƙasa. Mai maki 16 zai sami +3. Mai maki 9 fa? 9 a cire 10 ya zama −1, rabinsa −0.5. Nan ne ɗalibai kan faɗi. Saukowa ƙasa daga −0.5 yana kai mu −1 ne, domin −1 ya fi sifiri ƙanƙanta. Ku zana layin lambobi ku gani da idonku.

Mataki na biyu: ƙarin hari. Sabon jarumi yana da +2 na gwaninta a kan makamin da ya koya. Mai maki 16 da takobi ke nan yana da 3 + 2 = +5. Zai jefa ƙwaya mai fuska 20 ya ƙara 5. In jimlar ta kai lambar sulken abokin gāba ko ta wuce, sara ya kama.

A ce lambar sulken dodo 15 ce. Jarumin yana bukatar 10 ko fiye. Fuska nawa ke nan? Mai gaggawa zai ce 20 a cire 10, saura 10. Kuskure ne, gama ita ma 10 ɗin tana ciki. Ku ƙirga da yatsu daga 10 zuwa 20, za ku sami 11. Yiwuwar ita ce 11/20, wato kashi 55 cikin 100.

Mataki na uku: ƙarin rauni. Dogon takobi a hannu ɗaya yana amfani da ƙwaya mai fuska 8, a ƙara ƙarin ƙarfi kaɗai. Gwaninta ba ta shiga nan. Raunin zai kama daga 4 zuwa 11. Matsakaicin ƙwayar shi ne (1 + 8) ÷ 2 = 4.5, a ƙara 3, ya zama 7.5. Tun da ba kowane sara ke kamawa ba, abin da ake sa rai a kowane hari shi ne 0.55 × 7.5 = 4.125. Mun ajiye dokar fuska 20 a gefe, wadda ke sa a jefa ƙwayar rauni sau biyu.

Yanzu a ba jarumin takobi na musamman mai +1, wanda ke shiga hari da rauni duka. Yana bukatar 9, fuska 12 ke nan, kashi 60 cikin 100. Matsakaicin rauni ya koma 8.5, kuma 0.6 × 8.5 = 5.1. Daga 4.125 zuwa 5.1 ƙari ne na kusan kashi 24 cikin 100, daga lamba ɗaya tak! Dalili kuwa, ta shiga wuri biyu da ake ninkawa da juna. Haka ɗaya ɗin da kuka manta wajen ƙirga fuska ke lalata duk amsar da ke biye da ita a takardar jarrabawa.

Aikin hutu: jarumi mai maki 7, da gwaninta +2, yana fuskantar sulke mai lamba 13 da dogon takobi. Ku nemo ƙarin harinsa, da yiwuwar saransa ya kama, da matsakaicin rauninsa. Ku kawo amsa makon farko na sabon zango. Ubangiji ya kiyaye ku, ya dawo mana da ku lafiya.