Darasin Noma: Yadda Ake Noman Ayaba da Dafa Ta

A wannan makon mun ɗauko darasi a kan ayaba, wadda kullum muke gani a faranti a bakin titi.

Yawancin ayabar da muke ci a Arewa daga kudancin Najeriya ake kawo ta, daga jihohi irin su Edo da Ondo da Kuros Riba, inda ruwan sama yake da yawa. Motoci ne suke sauke ta a manyan kasuwanni kamar 'Yan Lemo ta Kano. Asalinta kuwa daga kudu maso gabashin Asiya ne, kuma a yau Indiya ce ta fi kowace ƙasa noma ta.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne, ayaba ba bishiya ba ce. Wannan dogon jikin nata gindin ganyaye ne da suka naɗe juna, babu itace a ciki ko kaɗan. Shi ya sa iska mai ƙarfi take kayar da ita. Kuma ba a shuka ta da iri kamar gero. Ku duba tsakiyar ayaba, waɗannan baƙaƙen ɗigo-ɗigon ba sa tsirowa. 'Ya'yan da suke fitowa a gindin uwar su manomi yake cirewa da saiwarsu ya dasa.

A nan ne ake yin dace ko asara. Idan uwar tana da cuta, ɗan ma da ita zai tafi sabuwar gona. Don haka manomi yakan zaɓi ɗa daga lafiyayyar uwa, ya fere gindinsa da wuƙa don ya cire tsutsa da ruɓaɓɓiyar saiwa. Sai ya haƙa rami, ya zuba takin gargajiya, ya bar tazarar kamar mita 3 tsakanin rami da rami. Ayaba tana son ruwa sosai, amma idan ya kwanta mata a gindi sai ta ruɓe. Wannan ne ya sa a wajenmu sai a lambu ko fadama ake ganin ta, inda za a iya yi mata ban ruwa da rani.

Bayan kamar wata 9 zuwa shekara ɗaya sai ta fitar da wani babban fure mai launin ja-ja, ya sunkuyo ƙasa. Daga jikinsa nonon ayaba yake fitowa. Idan ya yi nauyi sai a tokare ta da gwafa. Bayan wata 3 zuwa 4 ya ƙosa, kuma tun yana kore ake sare shi, domin nunanniya ba za ta jure doguwar tafiya a mota ba. Uwar sau ɗaya take haihuwa. Da an cire nonon sai a sare ta, a daddatsa jikinta a baza a gindi ya zama taki, ɗanta ya gaje ta.

Ɗanyar ayaba tana nuna da kanta idan aka rufe ta a wuri mai ɗumi, saboda wata iska da take fitarwa. Amma wasu masu gaggawa suna sa mata sinadarin kabaid, irin na masu walda, kuma hukumar NAFDAC ta yi gargaɗi cewa yana cutar da lafiya. A ganinmu gara mu sayi koriya mu rufe ta a kwali a gida, kwana kaɗan ne.

Wajen girki, 'yar'uwarta agada ce ta fi shiga tukunya. Idan ta nuna ana soya ta a ci da shinkafa ko wake, Yarabawa suna ce mata dodo. Ana gasa ta a kan gawayi a ci da gyaɗa, ɗanyar kuma a yi fate da manja. A ƙasar Yuganda kuwa ayaba ce tuwonsu. Suna fere koriya, su naɗe ta a ganyenta, su turara har ta yi laushi, sannan su murƙushe ta a ci da miyar gyaɗa. Sunan abincin matoke.