Yadda Mai Jinya Zai Kare Dattijo Daga Illar Tarin Magunguna

Dattijon da ke fama da hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa ba wuya ya wayi gari yana haɗiyar magani kala bakwai a yini. Likitoci kuwa tun daga kala biyar suke fara sa ido, domin ƙodar tsoho da hantarsa sun rage ƙarfi, magani yakan daɗe a jininsa fiye da na saurayi. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kurakuran magani na lashe kimanin dala biliyan 42 a shekara. A asibitocin ƙasar Hausa, inda sau da yawa mai jinya ne ke sayo magani, shi ne ke kwana gefen gado, babu wanda ya kai shi sanin abin da ke shiga cikin majinyaci.

Aikinsa na farawa tun ranar da aka ba da gado. Ya tattaro duk abin da dattijon ke sha a gida, ya zuba a leda guda, kowanne cikin kwalinsa: na asibiti, da haɗin kemis, da maganin ɗiga wa ido, da jiƙon gargajiya. Mutane kan ɓoye na gargajiya don gudun faɗan likita, alhali faɗan ya fi sauƙi a kan abin da ɓoyewar ke jawowa. A cikin ledar ne ake gano magani ɗaya mai suna biyu, kamar Panadol da maganin mura wanda shi ma farasitamol ne a cikinsa, ana ta ninka wa hanta kaya ba a sani ba.

Sai lokacin zagayen likitoci. Mai jinya ya riƙe takarda da biro, ya yi tambaya cikin ladabi a kan kowace ƙwaya: "Likita, wannan na mene ne, kuma har yaushe Baba zai sha?" Ya tambaya ko an yi gwajin ƙoda, ko an auna nauyi, domin da su da shekaru ake daidaita magunguna irin su metformin da digoxin da allurar gentamicin. Akwai haɗuwa biyu da ya kamata ya haddace. Mai shan lisinopril tare da maganin sa fitsari, in aka ƙara masa diclofenac ko ibuprofen saboda gwiwa, ƙodarsa na iya samun mummunan rauni cikin 'yan kwanaki, musamman in yana amai ko gudawa. Mai shan warfarin kuma, in aka ba shi Flagyl ko Septrin ba tare da bibiyar gwajin jini ba, yana iya zubar da jini.

Mataki na uku shi ne mafi wuya, don yana buƙatar lura dare da rana. Duk wani sabon abu da ya bayyana bayan an fara sabon magani, a fara zargin maganin. Amlodipine na kumbura ƙafa. In ba a gane ba, sai a ƙara furosemide don kumburin ya sauka, dattijo ya dinga tashi fitsari cikin dare, jiri ya kwashe shi a hanyar banɗaki, ƙugu ya karye. Lisinopril na sa busasshen tari, sai a yi ta sayen maganin tari a banza. Abin da ya fi ciwo shi ne ruɗewa. Tsohuwar da ta shigo da hankalinta ta fara sambatu, 'yan uwa su ce rikicin tsufa ne, alhali Valium ko Piriton ko amitriptyline aka ba ta don ta yi barci. Irin waɗannan na cikin jerin da wani likitan Amurka, Mark Beers, ya fara wallafawa a 1991 na magungunan da ake kaffa-kaffa da su ga tsofaffi, jerin da aka sabunta a 2023. Haka glibenclamide, wanda kan sauke suga ƙasa ya daɗe bai ɗago ba. Gumi da rawar jiki da sambatu ga mai shansa na nufin a auna suga nan take.

Mai jinya ya rubuta abin da ya gani da lokacinsa, ya gaya wa nas ko likita. Kada ya tsayar da magani da kansa: prednisolone da atenolol da Valium, in an daɗe ana sha, a hankali ake janye su.

Ranar sallama kowa na ɗokin gida, nan ne kuma kuskure ke yawa. Kafin a naɗe tabarma, a karɓi takarda ɗaya mai nuna abin da za a ci gaba da sha, da wanda aka canja, da wanda aka dakatar, a zauna da mai harhaɗa magunguna a bi ta layi-layi. Da isa gida a cire waɗanda aka dakatar daga ɗakin dattijon, a ɗora wa mutum ɗaya alhakin ba da magani, a riƙa tafiya da takardar duk asibiti ko kemis da za a je. In aka ga baƙin bayan gida, ko fitsari ya ragu sosai, ko faɗuwa, ko ruɗewa, a koma asibiti a ranar tare da ledar, ba sai ranar da aka rubuta a kati ba.