Darasi: Sunan ɗanki daga takarda zuwa na'ura

Ya ke uwa, da ku masu faɗakarwa na unguwanni, duk wanda ya taɓa kai yaro awo ya san babban littafin nan da malamin lafiya yake rubuta suna, nauyi da awon damtse a ciki. Littafin yana da amfani, amma ruwa kan jiƙa shi, gara kan ci shi, kuma ba ya bin yaro idan ya sauya wuri. Macen da ta taso daga Jiratawa ta dawo Sabon Gari ta bar gundumar lafiya ta Madarunfa ta shigo ta birnin Maraɗi. Wadda ta zo daga Tibiri kuwa ta baro ta Gidan Runji. Labarin ɗanta yana can inda ta baro shi.

Tun shekarar 2017 ma'aikatar lafiya ta Nijar take tattara rahoton wata-wata na gidajen likita a cikin tsarin kwamfuta mai suna DHIS2, wanda jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ta ƙirƙiro. Rahoton nan na jimla ne: yara nawa aka karɓa, nawa suka warke, nawa suka daina zuwa. Da irin waɗannan alƙaluma ake lissafin abincin maganin tamowa da za a aiko. Mataki na gaba shi ne kowane yaro ya samu nasa shafi a cikin na'urar hannu. A Burkina Faso, ƙungiyar Terre des hommes ta taimaka wa ƙananan gidajen likita na karkara suka rungumi wannan hanya, inda na'urar take bi da malami tambaya bayan tambaya har ya kammala duba yaro.

Sai dai na'ura ba ta san komai ba sai abin da aka faɗa mata. Nan ne aikinku yake.

Ke uwa, ki riƙe abubuwa uku. Na farko, ki ba da suna ɗaya a kowane zuwa, wato sunan yanka da sunan uba kamar yadda suke a karne, ba laƙabin gida ba. Yaron da aka rubuta da suna biyu ya zama yara biyu a lissafi, kuma ba a ganin ko nauyinsa yana ƙaruwa. Na biyu, kada ki bar karne a gida, domin wuta kan ɗauke, rezo kan yanke, amma karne yana hannunki. Na uku, idan za ki yi tafiya, ki sanar da malami ya rubuta miki takardar sauyin wuri, don kada maganin mako-mako ya katse.

Ku masu faɗakarwa, ku auna damtsen hagu na yaro daga wata 6 zuwa 59, ku rubuta lambar da kuka gani, ba launi kaɗai ba. Ƙasa da milimita 115 ja ne, a kai shi CRENAS ranar nan. Haka ma idan ƙafafunsa biyu sun kumbura. In ya ƙi cin abinci ko jikinsa ya yi tsanani, malami zai tura shi CRENI a kwantar. Ku nemi sunayen yaran da suka daina zuwa, ku bi su gida. Kuma sirrin iyali amana ce: kada ku nuna wa kowa abin da aka rubuta.

Idan likitar unguwarku ta fara aiki da na'ura, layi zai iya yin jinkiri a makonnin farko, domin malami yana koyo. Ku yi haƙuri, ku amsa tambayoyinsa da gaskiya, kuma kafin ku tashi ku tambaye shi ranar dawowa.