Amsar Tambaya: Maiƙo Ga Mai Juna Biyu

Tambaya: Surukata kullum tana haɗa ni da soye-soye da man shanu, wai in haifi ƙaton jariri. Akwai illa?

Amsa: 'Yar'uwa, surukarki ƙauna ce ta sa, amma akwai abin dubawa. Gwaje-gwajen da aka yi kan ɓeraye da birai sun nuna cewa idan uwa ta cika cin maiƙo, kitse kan taru a hantar ɗan tayi, kuma sashen ƙwaƙwalwar da ke sanar da ƙoshi yakan samu tangarɗa, sai ɗan ya taso da yawan ci. A wajen mutane kuwa, ƙibar uwa da ciwon sukari na lokacin ciki suna ƙara yiwuwar jaririn ya haura kilo 4, haihuwa ta yi wuya, ya kuma yi fama da ƙiba idan ya girma.

Kada ki daina cin mai gaba ɗaya, domin ƙwaƙwalwar jariri na buƙatarsa. Ki nemi na kifi, gyaɗa da ƙwai, ki yawaita wake da zogale, ki rage suya da lemon kwalba. Tsakanin mako 24 da 28 ki nemi gwajin sukari a wajen awo. In da hali, ki tafi da surukarki ta ji bayanin daga bakin ungozoma.